Sunan Allo Da Sunan Baki A Babban Titin Gadau

Kowane ƙaramin gari a ƙasar Hausa yana da titi guda wanda duk harkar garin ta rataya a kansa. A bakinsa tasha take, a bakinsa mai shayi yake kafa teburinsa, mai tsire ya gina tukubarsa, a nan kuma labari yake fara sauka kafin ya shiga lunguna. Na Gadau shi ne hanyar nan da ta taso daga Azare ta yi arewa, ta nufi wajen ƙasar Haɗejiya. Mutumin Gadau in zai ambace ta sai ya ce bakin titi, ko kuwa ya ce hanyar Azare. Mutumin Azare kuma, wannan hanya ɗin dai, hanyar Gadau yake ce mata. Kowa yana kiranta da sunan inda take kai shi.

Amma Gadau ta yau ta wuce ta jiya. Tun da aka kafa jami'ar Jihar Bauci cikin 2011, aka kuma ajiye babbar harabarta a garin, baƙi suke ta kwararowa, gidajen haya suna tashi, gonakin da ke gefen gari ana yanka su filaye. Garin da ya kai wannan matsayi, ko ba jima ko ba daɗe, sai an zo da fenti da alluna an bi titunansa ɗaya bayan ɗaya ana raɗa musu suna. Hausawa sun ce suna linzami ne. Saboda haka batun wanda zai yi raɗin, da sunan da za a raɗa, ya isa a zauna a yi shawara a kansa tun da sauran lokaci.

Akwai wani dattijo a garin, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda wannan magana ta daɗe tana yi masa yawo a zuciya. Gidansa yana bayan titin kaɗan, a cikinsa aka haife shi, a cikinsa kuma furfura ta same shi. Yawancin rayuwarsa bai taɓa bukatar sunan titi ba. A zamanin da ake rubuta wasiƙa, akan sa sunansa, a sa ta hannun hedimasta, a ƙara da akwatin gidan waya na Azare, wasiƙa kuwa ta iso. Baƙon da ya sauka a tasha ya ce gidan Malam yake nema, yaro ɗan shekara bakwai ya isa ya kai shi har zaure. Matambayi ba ya ɓata.

Ranar da abin ya fara damunsa ita ce ranar da ya je wani banki a Azare don sabunta takardun fanshonsa. Aka miƙo masa fom, ga gurbin lambar gida, ga gurbin sunan titi. Ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya san gaskiya ne: bayan masallaci, daura da tsamiya, kusa da bakin titi. Yarinyar da ke karɓar takardu ta duba, ta ce masa cikin ladabi, "Baba, ai na'ura ba ta san tsamiya ba, suna da lamba take so." Malam ya yi shiru. Shekara da shekaru yana koya wa yara labarin ƙasa, yana nuna musu Kogin Nilu da Bahar Maliya a taswira, ga shi yau an tambaye shi inda yake kwana ya rasa amsar da takarda za ta karɓa. Daga ƙarshe dai ya rubuta Hanyar Azare, Gadau, aka karɓa.

Tun daga ranar ya shiga tunanin yadda mutanen da suka yi da wannan matsala, don su ma sun yi birane, sun yi fatauci, baƙi kuma sun riƙa samun masaukinsu ba tare da allo ko guda ba. Da ya duba sai ya ga hanya uku suke bi. Wani wuri yakan ci sunan ƙofar ganuwa da ke kusa da shi, kamar yadda Kano take da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai. Wani wuri yakan ci sunan sana'ar da ake yi a cikinsa ko mutanen da suka zauna, shi ya sa da wuya a sami tsohon gari da ba shi da Maƙera ko Marina, kuma har yanzu akwai Soron Ɗinki da Tudun Nufawa a birnin Kano. Hanya kuwa takan ci sunan garin da ta nufa. Duk waɗannan sunaye babu wanda ya zauna a ofis ya zaɓe su. Bukata ce ta haife su, don haka kowannensu yana gaya wa mai ji wani abu na gaskiya game da wurin.

Tsohon birnin Katagum shi ma haka yake. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, shi ne tushen wannan sarauta a farkon ƙarni na 19. Cikin watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawan nan biyu masu yawon gano ƙasa, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka sauka a birnin a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, suka tarar da shi da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Oudney bai kai Kano ba, don ya mutu a Murmur ran 12 ga watan, kwana kaɗan bayan isowarsu ƙasar. Hanyar da suka biyo, Bakano hanyar Barno yake ce mata, Babarbare kuma ya ce hanyar Kano, daidai da yadda Gadau da Azare suke yi wa tasu a yau.

Sunan Katagum kansa ya nuna wa Malam cewa suna yana iya barin gida ya yi tafiya. Turawa sun kama ƙasar cikin 1903. Cikin 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka ɗauke fada daga Katagum aka dawo da ita Azare, sunan sarautar kuwa ya biyo sarki. Ga abin da hakan ya haifar: a yau ƙaramar hukumar da ake kira Katagum hedkwatarta Azare ce, shi kuwa garin Katagum hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki ne. Ɗan ƙasa ya san wannan ba ya rikicewa. Baƙo kuwa in ya ce wa direba Katagum za shi, sai an tambaye shi wacce. Takarda ta ɗauki sunan ta kai wani wuri, bakin jama'a kuma ya ci gaba da riƙe shi a inda ya san shi.

Sa'an nan sai Malam ya koma ga tarihin da titin Gadau ya gani da idonsa, wanda yaran yanzu kaɗan ne suka ji labarinsa. Cikin 1921 gwamnatin Turawa ta kafa aikin binciken ƙudan tsando a Arewa, ƙarƙashin wani likita mai suna W. B. Johnson da wani masanin ƙwari mai suna Llewellyn Lloyd. Kurmin da ke bakin kogunan ƙasar Katagum cike yake da ƙudan a lokacin, iri guda yana sa wa mutane ciwon barci, wani kuma yana sa wa shanu sammore. Suka fara zama a Sharifuri, inda har suka yi gwajin kewaye wani yanki na kurmi da shinge don hana namun daji shiga, su ga ko ƙudan zai ragu in ya rasa jinin da yake sha. Daga baya tashar binciken ta koma Gadau.

Cikin 1933 wani masani mai suna T. A. M. Nash ya zo Gadau. A nan ya yi nazarin yadda zafin bazara yake kashe ƙudan tsando, da yadda ƙudan yake fakewa cikin inuwa mai duhu ya tsira. Wannan ilmi ya taimaka wajen gane cewa ba sai an share daji duka ba, in aka sare sarƙaƙiyar da ke bakin rafi, aka bar rana ta shiga, ƙudan ba ya iya zama. Da irin wannan sani aka yi babban aikin Anchau a lardin Zariya daga 1937, inda aka kafa sabon garin da aka sa wa suna Takalafiya. Sunan Gadau ya shiga mujallun ilmi na ƙasar Ingila tun ba a yi mafarkin jami'a a garin ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyar Malam a wannan labari shi ne mutanen da ba a rubuta sunansu ba. Turawan 'yan ƙalilan ne. Masu shiga kurmi da ɗan koma suna kama ƙuda ɗaya ɗaya, ƙudan kuma yana cizonsu, 'yan ƙasa ne. Masu saran daji da gatari 'yan ƙasa ne, haka masu ɗaukar kaya, haka malaman asibitin da ke taɓa wuyan mutane suna neman kaluluwa. Jikokinsu suna nan suna bin titin kullum, wasu a kan babur, wasu da littattafai za su lacca, ba su san kakanninsu sun yi aikin da ya sa ƙasar ta zaunu ga mutum da dabba ba. In za a raɗa wa titunan Gadau suna, a ganin Malam, wannan tarihi yana da haƙƙi kafin kowa.

Ana nan sai wani tsohon ɗalibinsa da ya je ƙarin ilmi ƙasar Jamus ya dawo hutu, ya zo gaisuwa. Bayan sun gaisa, Malam ya ba shi labarin fom ɗin banki, ya kuma tambaye shi ko su can suna da irin wannan damuwa. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai su nasu ya yi yawa ne. Babu lungun da ba shi da allo, babu gidan da ba shi da lamba. Amma babban titin ɗan garin da nake zaune, sunansa Hauptstrasse, ma'anarsa kuwa Babban Titi, shi ke nan." Malam ya ce, "Ashe su ma bakin titi suke cewa." Saurayin ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam. Sai dai sun sha wuya kafin su gane darajar wannan suna."

Ya ce tsohuwar da yake haya a gidanta ta taɓa nuna masa wasiƙun mahaifiyarta. Gida ɗaya ne, ba a taɓa tashi daga cikinsa ba, amma adireshin da ke bayan ambulan ya sauya. Na farko Babban Titi. Na tsakiya Titin Adolf Hitila. Na ƙarshe Babban Titi kuma. Tsohuwar ta ce masa a cikin gida ba a taɓa daina cewa Babban Titi ba, ko a shekarun da allo yake faɗin wani abu dabam, sai dai a gaban hukuma mutum yakan kama bakinsa.

Abin da saurayin ya gani a gida ɗaya, labarin ƙasar ne baki ɗaya. Jamusawan da sun raɗa wa titunansu suna kamar yadda Hausawa suka yi: titin maƙera, titin masu gashin burodi, titin kasuwa, titin coci, ko kuwa titi ya ci sunan garin da ya nufa. Da jirgin ƙasa ya zo sai aka sami titin tasha a kusan kowane gari. Har yau Hauptstrasse shi ne sunan titi da ya fi kowanne yawa a ƙasar. Cikin 1933, shekarar nan da Nash ya sauka Gadau, Hitila ya hau mulki, majalisun garuruwa manya da ƙanana suka shiga rige-rigen sa sunansa a babban titinsu ko babban dandalinsu, kowa yana gudun a ce shi ne baya wajen biyayya. Cikin 1938 aka ba da umarni a cire sunayen Yahudawa daga tituna. Cikin 1945 mulkin ya rushe, aka bi allunan aka ciccire, ƙasashen da suka ci yaƙi kuma suka tabbatar da haka da doka cikin 1946.

A birnin Balin akwai dandali guda da ya isa misali. Da sunansa Dandalin Waziri ne, watau na shugaban gwamnati. Cikin 1933 ya zama Dandalin Adolf Hitila, bayan yaƙi ya koma sunansa na da, cikin 1963 kuma aka sa masa sunan Theodor Heuss, shugaban Jamus ta Yamma na farko, bayan mutuwarsa. A ɓangaren gabas, wanda ya faɗa hannun 'yan gurguzu, wani babban titi da ke ɗauke da sunan garin Frankfurt ya zama Titin Stalin cikin 1949, cikin 1961 kuma aka cire allunan dare ɗaya ya zama Titin Karl Marx. Birnin Chemnitz ɗungurungum aka sa masa sunan Karl Marx cikin 1953, sai cikin 1990 mutanen birnin suka jefa ƙuri'a suka karɓo sunansu na asali. Sarki goma zamani goma, kowane kuma da nasa mai fenti.

Akwai wani sauyin da ba na siyasa ba, wanda shi ma ya kamata masu mulkin ƙananan hukumomi su sani. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1970, Jamus ta Yamma ta haɗe ƙauyuka da garuruwa don sauƙin mulki, yawansu ya sauko daga sama da 24,000 zuwa ƙasa da 9,000. Sai aka wayi gari hukuma guda tana da Babban Titi uku ko huɗu, ɗan gidan waya da motar asibiti suna rikicewa. Dole aka sake wa da yawa suna. A wurare da dama sai aka koma ga tsofaffin sunayen gonaki da rafuka da unguwanni, aka ɗora su a kan alluna, aka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an kawar da rikici, an kuma adana sunan da ya kusa ɓacewa. A birnin Balin kuma ƙa'ida ce ba a sa wa titi sunan mutum sai ya shekara 5 da mutuwa.

Ko mutuwa ma ba kullum take rufe magana ba. Gustav Nachtigal, Bajamushen nan da ya iso Kukawa cikin 1870 ɗauke da kyautar Sarkin Prussia zuwa ga Shehu Umar na Barno, shi ne kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru cikin 1884. An sa wa wani dandali sunansa a Balin, ya daɗe yana amsa shi fiye da shekara 100. Cikin watan Disamba 2022 aka sauke allon, aka sa sunan Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye cikin 1914, da na matarsa. Hukuncin tarihi yakan yi nawa, amma yakan iso.

Malam ya saurari duk wannan, sa'an nan ya ce wa ɗalibinsa ba sai an haye teku ba kafin a ga irinsa. A Ikko akwai tsohon titin nan Broad Street, wanda aka mayar Titin Yakubu Gowon lokacin da Janar ɗin yake kan mulki. Da aka hamɓarar da shi cikin 1975, ba a daɗe ba titin ya koma sunansa na da. Cikin 2012 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar sa wa Jami'ar Ikko sunan Moshood Abiola, ɗalibai suka fito kan titi, maganar ta je kotu, daga baya ta mutu. A ɗaya gefen kuma ga sunayen da baki ya raɗa, babu doka babu biki, sun ƙi mutuwa: Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, da Bata, da Kwanar Ɗangora, da Mararrabar Jos. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Duk da haka Malam bai zama maƙiyin allo ba, don ya san raunin sunan baki. Sunan baki yana rayuwa ne muddin abin da ya haife shi yana nan, ko masu tuna shi suna raye. Tsamiya tana faɗuwa, mai shayi yana sauya wuri, dattijon da ake kwatance da ƙofar gidansa yana rasuwa, magada su sayar. A ƙauyen da kowa ya san kowa wannan ba komai ba ne. A garin da ɗalibai suke zuwa daga Bauci da Gombe da Jos, har da kudu, kwatancen tsamiya ba ya wadatarwa. Mace tana naƙuda da tsakar dare, an kira mai mota daga wata unguwa, yana ta zagaye yana neman gidan da ke bayan gidan wane, shi kuwa bai san wane ba. A irin wannan dare allo da lamba suna iya zama tsakanin rai da mutuwa.

Ya kuma san cewa sa sunan mutum a allo hanya ce ta godiya, in an yi ta bisa cancanta. A Azare akwai Titin Sule Katagum, mutumin da ya daɗe yana shugabancin hukumar ma'aikatan gwamnatin tarayya, ya kuma riƙe sarautar Wazirin Katagum. Kwalejin horon malamai ta garin tana ɗauke da sunan Aminu Saleh, wanda ya yi Sakataren Gwamnatin Tarayya. Jami'ar Gadau kanta an sauya mata suna zuwa na Malam Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi, ɗan gwagwarmayar siyasa na Bauci, wanda ya rasu cikin 1958, Allah ya jiƙansa. Wannan suna ya jira fiye da shekara 60 kafin ya hau allon, babu kuma wanda zai ce tsoro ko neman kwangila ne ya sa aka ɗora shi. Amma ɗan acaɓa a tashar Gadau, in fasinja ya hau, abin da yake tambaya shi ne, "Jami'a za ka?" Allo ya yi aikinsa na girmamawa, baki kuma yana nasa na kai mutum inda za shi, babu wanda ya tauye wani.

Daga cikin wannan tunani Malam ya fito da shawarwarinsa, waɗanda yakan faɗa wa duk wanda ya zauna da shi a zaure. Ta farko, kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, a tara masu unguwanni da limamai da tsofaffin mata, a bi gari lungu lungu a rubuta sunan da ake kiran kowane wuri da shi, da dalilinsa. Inda sunan baki ya zauna, kuma babu aibu a cikinsa, shi za a ɗora a allo. Babban titi a bar masa sunan da ya ci da guminsa, Hanyar Azare, don babu gwamnatin da za ta zo ta ji haushin wannan suna har ta cire shi.

Ta biyu, kada a sa sunan wanda yake kan kujera, ko gwamna ne, ko ciyaman, ko ɗan majalisa. Mulki rigar aro ne. Wanda ya yi aikin kirki ba zai yi asara ba in ya jira, wanda kuma bai yi ba an hutar da jama'a ɓarnar fenti sau biyu. Ta uku, sababbin unguwannin da ba su riga sun ci suna ba, a nan ne za a biya bashin tarihi: a sami titin da zai tuna da tashar binciken tsando da ma'aikatanta 'yan ƙasa, a sami na malaman allo da alƙalai da ungozomomin da garin ya amfana da su, ba masu kuɗi da masu sarauta kaɗai ba. Ta huɗu, a rubuta allon da Hausa, da boko da ajami, a kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa mai bayyana ko wane ne mai sunan, don yaron da ya wuce ya karanta ya ƙaru.

Wannan aiki ba sai an jira Abuja ko Bauci ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa raɗa wa hanyoyi da tituna suna da sa wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Watau ikon yana hannun majalisar Itas da Gadau, kamar yadda na Azare yake hannun majalisar Katagum. Kuɗin da aikin zai ci bai kai na gina kwalbati biyu ba. Abin da ya fi kuɗi tsada a cikinsa shi ne tsofaffin da suka san dalilin kowane suna, su kuwa kowace damina raguwa suke yi.

Shi dai Malam bai jira kowa ba. Ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in ya yi sallar la'asar yakan ɗauki sandarsa ya nufi wata unguwa, ya zauna da sa'o'insa da waɗanda suka girme shi, yana tambaya yana rubutawa: wannan lungu me ya sa ake ce masa kaza, wannan fili gonar wa ce a da, rijiyar da aka cike wa ya haƙa ta. Wani lokaci tsofaffi biyu su saɓa, ya rubuta maganar kowannensu. Ya ce ranar da hukuma ta shirya, ga littafi nan, in kuma ta same shi ba ya nan, ya bar wa 'ya'yansa wasiyya su miƙa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gadau tana da damar da manyan birane suka rasa, watau ta tsara sunayen titunanta tun tana iya tuna asalinsu, tun kuma ba a cika su da sunayen da za a zo ana kankarewa ba. Haka Itas, haka Jama'are da Shira da sauran garuruwan wannan yanki da ke girma a bakin titi. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma tambayi dattawa tun suna da wanda za su tambaya.